Awa uku a jirgin yawon buɗe ido na Walvis Bay

Safiyar da na shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido a Walvis Bay, garin da ke gaɓar tekun Atlantika a ƙasar Namibiya, hazo ya rufe ko'ina har ba a hango ƙarshen matsayar jirage. Kuskuren farko nawa ne, domin na fito da riga shara-shara bisa zaton garin da hamadar Namib ta kewaye ba zai yi sanyi ba. Ashe igiyar ruwan Benguela da ke tahowa daga kudu ita ce ke sanyaya wannan gaɓa, ita ce kuma ke ɗauke da abincin da ya tara kifi da tsuntsaye a wurin. Ma'aikatan jirgin sun raba barguna, sai dai ba su ishi kowa ba, kuma lokacin biyan kuɗi babu wanda ya yi mana gargaɗi.

Ba mu yi nisa ba sai ga wata dabbar teku da ake kira sil, mai fuska kamar ta kare da gashin baki, ta hauro jirgin ta baya ta zauna a tsakiyarmu, kwasakwasa biyu kuma suka sauka a kan rufi. Jagoranmu ya riƙa miƙa musu kifi daga bokiti yana bayani, fasinjoji suna ta ɗaukar hoto. Abin ya burge ni, amma ya bar mini tambaya. Tun shekarar 1995 aka sanya fadamar wannan gaɓa cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa saboda tsuntsayen ruwa, kuma a ganina dabbar da ta saba karɓar abinci daga hannun mutum ta fara zama 'yar wasa, ko da kuwa a teku take kwana. Da na faɗa masa haka, sai ya ce 'yan kaɗan ne ke bin jirage, sauran ba ruwansu da mutane.

Da muka isa Pelican Point, wani dogon harshen rairayi da ya tokare teku ya kare gaɓar daga manyan igiyoyi, na ga gaskiyar maganarsa. Dubban sil ne kwance a kan yashi, kukansu kamar na garken tumaki, warinsu kuwa tun daga nesa yake tarbar baƙo. Matuƙin ya kashe inji ya bar jirgin yana lilo a hankali, bai matsa kusa da su ba, kuma wannan ne abin da ya fi gamsar da ni a tafiyar gaba ɗaya. Can baya ga hasumiyar fitila ta 1932 mai zanen baƙi da fari, ga dila guda yana zagaye yana neman ɗan da uwa ta bari. Mun ga kifin dolfin sau biyu. Babban kifin nan wel, wanda garin ya samo sunansa daga gare shi, bai fito ba, domin a watan Afrilu na je, shi kuwa an fi ganinsa daga Yuli zuwa Nuwamba.

A hanyar dawowa an bi da mu ta gonakin kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake kiwo a cikin teku, sannan aka kawo ta ɗanya da lemon tsami, tare da giya mai kumfa, wadda ke cikin kuɗin tikiti. Musulmi ya sanar tun wajen yin rajista cewa lemon kwalba yake so, ya kuma tambayi irin naman da ke cikin sauran abincin. Kawar dai na ɗanɗana guda ɗaya na haƙura.

Kuɗina bai tafi a banza ba, amma mai son kallon tsuntsayen filamingo ba ya bukatar tikiti: da yamma na same su birjik a bakin fadamar, kusa da titin da mutanen gari ke motsa jiki.