Na'urar jin da muka saya wa Inna, da abin da na gani

Duk mai tsoho a gida wanda sai an ɗaga murya yake ji, shawarata ya kai shi a auna masa kunne, kada a bar shi da cewa ai tsufa ne. Mu irin na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne muka saya wa mahaifiyarmu, mai caji, kuma na gamsu da ita duk da 'yan matsalolinta.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne Inna ta daina shiga hira. Mata su zo gaisuwa, ta zauna tana murmushi, a tambaye ta wani abu ta amsa wani. Dangi har sun fara raɗe-raɗin gigin tsufa. Likitar kunne da ta duba ta ce ta bayyana mana cewa raunin ji kansa yana cikin abubuwan da ke kusantar da tsoho ga cutar mantuwa, domin ƙwaƙwalwa tana wahala wajen harhaɗa guntayen magana, mutum kuma ya janye daga jama'a, kaɗaici ya biyo baya. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da za a iya magancewa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu wannan cuta. Akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, rashin motsa jiki, ciwon damuwa, bugu a kai, gurɓatacciyar iska da raunin gani. Raunin ji kaɗai an ba shi kashi 7.

Kafin a ba mu na'urar sai da aka wanke dattin kunnen, aka sa ta a ɗaki marar hayaniya tana danna maɓalli duk lokacin da ta ji ƙara, sannan aka saita na'urar daidai da sakamakon. A nan ta sha bamban da masu arha na kasuwa, waɗanda ke ƙara wa komai ƙarfi, har kukan janareta.

Makon farko Inna ta tsane ta. Ta ce tana jin muryarta kamar daga cikin randa, ƙarar cokali ma tana damunta. Muka koma aka rage, ta riƙa sawa na ɗan lokaci kullum har ta saba. Yanzu tana sauraron tafsiri a rediyo ba tare da maƙwabta sun ji ba, kuma ranar da ta gyara wa jikanta kuskure a karatun Tabbat daga can bakin ƙofa, sai da na yi hawaye.

Matsalolin: hijabi yana gogar ta, ta riƙa ƙara ko fito, sai an sassauta ɗaurin. Dole a cire ta kafin alwala, sau biyar a rana, kuma abu ne ƙarami mai saurin ɓata, don haka muka ware mata gwangwani kusa da buta. Ƙurar hunturu tana toshe bututun. A gidan biki muryoyi suna cakuɗe mata. Ga tsada, sai da muka yi karo-karo. Cajinta dai yana kai ta yini guda, ko ba wuta ƙaramin sola ya wadatar.

Kada wani ya ɗauka maganin mantuwa ce. A wani bincike da aka wallafa a 2023 kan tsofaffi 977 a Amurka, an ba wasu na'urar ji, wasu ba a ba su ba, aka bi su shekara uku, kuma a jimlace ba a ga bambanci a kaifin ƙwaƙwalwarsu ba. Sai a rukunin da suka fi fuskantar haɗari ne raguwar kaifin ƙwaƙwalwa ta yi sauƙi da kashi 48. Inna mai hawan jini ce, shi ya sa maganinta da awonta suna nan yadda suke.

Idan za ku saya, ku tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da komawa saiti da gyara, domin za ku koma.