Tsanin igiya na ɗan jagoran jirgi: mai shaidar ISO 799 ko na araha?

Ga samarinmu na Garwa, Marwa da Ngaundere masu aiki a jiragen Duwala da Kiribi: wannan tsani da ake sa ku rataya, da shi ɗan jagora, wato ƙwararren da ke jagorantar jirgi shiga tasha da fita, ke hawowa daga ƙaramin jirgi cikin igiyar ruwa, wani lokaci da tsakar dare. Iri biyu ne a kasuwa.

Mai shaidar ISO 799, wato ma'aunin ingancin wannan tsani na ƙasa da ƙasa, ya cancanci kuɗinsa. Kowane gefe igiyar manila biyu ce, kaurin ko wacce bai gaza milimita 18 ba, kuma manila ba ta zame wa jiƙaƙƙen hannu. Matakan katako ne mai tauri, guda ɗaya ba haɗi, faɗin milimita 115, tsakaninsu santimita 31 zuwa 35. Huɗun ƙasa na roba ne, don su ƙaramin jirgi ke matsewa. Na biyar dogo ne, mita 1.8 aƙalla, shi ke hana tsanin murɗewa, kuma ba a wuce mataki tara ba a sa wani ba.

Aibinsa nauyi da son kulawa. In aka naɗe shi da danshi, igiyar ta kan ruɓe daga ciki alhali waje lafiya lau, shi ya sa ake buɗe murɗinta a duba tsakiya. Rana, mai da sinadarin wanke doron jirgi duk suna cin ta.

Na araha kuwa, ga fenti yana ƙyalli. Fentin nan shi ne matsalar: yana ɓoye tsaga, yana ƙara santsi. Sau da yawa tazarar matakan ba ɗaya ba ce, ƙafa ta nemi mataki a duhu ta rasa. Kada a saya.

Ko mai kyan ma, ɗauri ke ɓata shi. A ɗaure igiyoyin gefe a ƙarfen doron jirgi da aka tanada don haka, ba a shingen gefe ba, kuma kada nauyin tsanin ya rataya a kan mataki. Dokar SOLAS, ta kare rayuka a teku ta ƙasa da ƙasa, ta ce in hawan ya wuce mita 9, sai a haɗa da tsanin ƙarfe. A tanadi fitila, igiyar jifa da zoben ceto mai wuta, jami'i ya tsaya a wurin da rediyo a hannu.