Katin RTX 4070: na wane kamfani ya cancanci kuɗin mai saye?

Duk wanda ya yanke shawarar sayen katin hoto (na'urar da ke zana hotunan da kwamfuta ke nunawa) na GeForce RTX 4070 domin wasannin kwamfuta, da zarar ya shiga kasuwa zai tarar cewa sunan ɗaya ne amma kwalayen sun fi ashirin, kowanne da farashinsa da irin kirarin da aka rubuta masa a jiki. Dalili kuwa shi ne kamfanin Nvidia, wanda ya fito da wannan kati a watan Afrilu na 2023 a kan dala 599, shi ya tsara ƙwaƙwalwar katin, sannan ya sayar da ita ga kamfanoni irin su ASUS da MSI da Gigabyte da Palit na Taiwan, da PNY na Amurka, da Zotac, su kuma suka ɗora ta a kan allonsu, suka haɗa mata fanka da ƙarfen sanyaya, suka raɗa mata suna. EVGA, wanda a da mutane da yawa kan saya ido rufe, ya bar wannan sana'a tun watan Satumba na 2022, saboda haka babu shi a lissafi.

Abin da ya kamata mai saye ya fara riƙewa shi ne cewa abin da ke cikin kwalayen nan duk ɗan gida ɗaya ne. Ƙwaƙwalwar a mafi yawansu ita ce wadda ake kira AD104, mai ƙananan injinan lissafi 5,888, ma'adanar gigabait 12 ce, wutar da katin ke ja kuma wat 200 ce ko sama da haka kaɗan. Haruffan OC da ake bugawa manya-manya a kan kwali, waɗanda ke nuna cewa an ƙara wa katin gudu tun daga masana'anta, su ne abin da ya fi jan idon sabon shiga, kuma su ne mafi ƙarancin amfani. Gudun da Nvidia ya ƙayyade megahaz 2,475 ne, MSI Gaming X Trio kuwa an rubuta masa 2,610, wanda a takarda ya yi kama da tazara, amma a aikace kowane kati yana ɗaga gudunsa da kansa ya wuce abin da aka rubuta muddin bai yi zafi ba, ta yadda a wasan da ke tafiya da hotuna 60 a daƙiƙa ɗaya, bambancin bai cika wuce hoto ɗaya ko biyu ba. Ban taɓa ganin idon da ke iya rarrabe wannan ba.

Inda kamfanonin suka rabu da gaske shi ne wajen sanyaya, kuma a nan ne nake ganin mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ba zai ɗauki hukuncin masu gwaji na Turai yadda yake ba. Su suna auna zafin kati a ɗakin da ke da sanyi daidai misali, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin garuruwanmu yakan haura digiri 40, kuma kusan duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, kati ma zai ƙaru da shi, tunda da iskar ɗakin yake sanyaya kansa. Katin Nvidia yana rage gudu sannu a hankali yayin da zafinsa ke hawa, idan ya kai wajen digiri 83 zuwa 84 kuma sai ya ja birki sosai, fankokin su riƙa ihu kamar za su tashi sama. Saboda haka abin dubawa ba yawan fanka kaɗai ba ne. A juya katin a kalle shi ta gefe, a ga kaurin haƙoran alminiyum na ƙarfen sanyayar da yawan bututan tagullar da ke ratsa su, domin akwai kati mai fanka uku da siririn ƙarfe wanda mai fanka biyu da ƙarfe mai kauri zai bar shi a baya.

Bisa wannan ma'auni ne ASUS Dual ya fi kwanta mini a rai. An fito da shi a kan farashin asali na dala 599, fankokinsa biyu ne, amma kaurinsa ya kai gurbi biyu da rabi na guraben saka kati da ke bayan akwatin kwamfuta, tsawonsa kuma milimita 267, wanda ke shiga yawancin akwatunan kwamfuta ba tare da rigima ba. A gefensa na sama akwai wani ɗan makunni da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda ake turawa da farce domin zaɓa tsakanin tsarin ƙarfi da tsarin shiru. A lokacin sanyi nakan bar shi a kan shiru, idan bazara ta kama kuma in mayar da shi ɗaya ɓangaren, fankokin su riƙa juyawa da wuri. Wani amfanin wannan makunni shi ne kowane tsari yana da tasa manhajar a cikin katin, don haka idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta ɗaya, ta biyun tana nan a ajiye, kuma duk wanda ya san halin wutarmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fankokin suna juyawa ne a kan boris, wanda ya fi bushin jure zafi da daɗewa, kuma sukan tsaya cak idan ba a wasa, abin da ke rage yawan ƙurar da kati ke zuƙa.

Maganar ƙura ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Bayan hunturu ɗaya kacal, idan aka buɗe akwati aka haska fitilar waya tsakanin fikafikan fanka, za a ga wata jar ƙura ta shimfiɗu a bakin haƙoran kamar auduga, kuma ita ce ke toshe iska har kati mai tsada ya koma yana aiki kamar mai araha. Babu kamfanin da ya kuɓuta daga wannan. Bulowa da buroshi mai laushi duk wata biyu, tare da riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima, sun fi ƙarin dala 50 a kan farashi amfani.

ASUS TUF Gaming da MSI Gaming X Trio kuwa, ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, sun fi Dual sanyi da shiru, kuma ƙirarsu ta nuna an kashe kuɗi. Sai dai sanyayarsu an yi ta ne da girman da ya dace da katin da ke jan wuta fiye da wannan, kuma girman yana zuwa da nasa haraji: TUF ya kai milimita 301 tare da cin gurbi sama da uku, Gaming X Trio kuma milimita 338. Na taɓa yin gaggawar sayen dogon kati ban auna akwatina ba, da na zo sakawa sai wutsiyarsa ta tokare da kejin faifan ajiya, saura kamar faɗin yatsa biyu ya shige, daga ƙarshe sai da na cire kejin gaba ɗaya na ɗaure faifan a ƙasan akwati. Laifina ne, tef ɗin tela da minti ɗaya sun isa su hana hakan. Mai ƙaramin akwati ya duba Zotac Twin Edge, wanda bai fi kimanin milimita 226 ba, ko MSI Ventus 2X mai 242, da sanin cewa ƙaramin ƙarfe yana nufin fanka za ta fi juyawa, ƙara kuma ta fi yawa. Gigabyte Windforce yana tsakiya, fanka uku a jiki mai milimita 261, kuma idan farashinsa ya sauko ƙasa da na Dual babu laifi a ɗauke shi.

Sai batun fulogin wuta, wanda mutane ba su cika tambaya ba sai sun isa gida. Katin da Nvidia ya ƙera da kansa, Founders Edition, da Gaming X Trio suna amfani da sabon fulogi mai baki 16, irin wanda aka yi ta samun rahoton narkewarsa a jikin RTX 4090, babban yayan 4070, a ƙarshen 2022, musamman idan ba a danna shi ya shige duka ba. RTX 4090 na jan wat 450, ninki biyu da ɗoriya na abin da 4070 ke ja, don haka haɗarin a nan kaɗan ne ƙwarai, amma duk da haka Dual da TUF da Ventus sun tsaya a kan tsohon fulogi mai baki 8, wanda ke ba da wat 150, ramin babban allon kwamfuta da ake saka katin a ciki kuma ya ƙara 75, jimillar ta wadatar. Wanda yake da akwatin raba wuta mai kyau na wat 650, adadin da Nvidia ya ba da shawara, ba sai ya sayi sabo ko ya cusa wayar haɗi mai kauri ba. Ƙarancin cin wutar nan ma shi ya sa katin ya dace da mai dogaro da inbata ko ƙaramin janareta.

Garanti, wanda yawanci shekara uku ne, ba na ba shi nauyi sosai a wannan zaɓi, domin katin da aka shigo da shi daga Amurka ko Dubai galibi garantinsa na can ne, kuɗin aika shi kuma ya isa ya sa mutum ya haƙura. Abin da ya fi shi ne yarjejeniya da mai shago, ko a Banex Plaza na Abuja ne ko a Computer Village na Ikeja, cewa za a kunna katin a gabanka, a saka masa wasa mai nauyi na tsawon rabin sa'a, kana sauraron fanka da kuma wata siririyar ƙara mai kama da kukan sauro da wasu katunan ke yi, wadda sa'a ce kawai, ba ta da alaƙa da sunan kamfani. Ga mai neman na hannu akwai ɗan kwanciyar hankali, tunda haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto ta ƙare a Satumba na 2022, watanni bakwai kafin 4070 ya fito, sabanin RTX 3060 da 3070 da suka sha wahalar wannan aiki dare da rana. A karanta kwali da kyau kuma, domin a 2024 an fito da wani nau'in 4070 mai ma'adanar GDDR6 maimakon GDDR6X. Bambancin gudunsu ƙarami ne, amma ya isa dalilin neman ragi.

Akwai iyakar da ƙarin kuɗi ke daina ma'ana. A watan Janairu na 2024 Nvidia ya fito da RTX 4070 Super a kan dala 599, da injinan lissafi 7,168, kuma mafi arhar nau'insa ya fi mafi tsadar 4070 gudu da tazarar da ido ke gani. Saboda haka idan mai shago ya ɗora wa TUF ko ɗan'uwansa ASUS ROG Strix farashin da ya kusa na 4070 Super, ni Super zan ɗauka ko da mai fanka biyu ne, tare da sanin cewa wat 220 yake ja kuma fuloginsa mai baki 16 ne. Idan kuwa tazarar kuɗin tana da faɗi kuma 4070 ɗin ne aljihu ya iya, ASUS Dual nake nema da farko, Windforce na biye da shi, Twin Edge kuma sai idan akwati ya matse.