Gorar maganin daina shan giya da na saya wa ƙanena

Tun da aka ga ƙanena ya dawo sahu a masallacin unguwa, mutum uku suka tare ni a keɓe suna neman lambar mai maganin. Ɗaya ma matar aure ce, ta aiko ta bakin maiɗakina. Kowa na ce masa ya dakata tukuna. To ga amsar. Ba zan kama suna ba, wanda ke bin tallace-tallacen Facebook da WhatsApp ya san gorar, ya kuma san abin da ake karɓa har da kuɗin mota.

Ƙanena makanike ne, kusan shekara 4 yana sha. Ba mai tangaɗi a titi ba ne, shi ya sa muka daɗe a duhu. In ya tashi daga gareji sai ya ratsa ta Sabon Gari, ya dawo bayan isha'i ya shige ɗaki. Kullum dare, ba fashi. Daga kwalba ya koma 'yar leda mai zafin nan don ta fi araha. Ranar da ya durƙusa gabana ya ce, "Yaya, na gaji, ka taimake ni," a daren na tura kuɗi.

Gaskiya ɗaya ce, ta wajen ciniki ban ga laifin mutumin ba. Bugu ɗaya yake ɗagawa, bakinsa da daɗi, washegari kuma direba ya kira ni na je Kwangila a Zariya na karɓi saƙo. Sai mai maganin ya turo saƙon murya: murfi biyu safe da yamma, kuma daga ranar ko ɗigo kada yaron ya ƙara, in ya haɗa da giya maganin zai karye. Na tambaye shi ko akwai wata illa. Ya ce, "Alhaji, ganye ne zalla." Bai tambayi shekara nawa aka yi ana sha ba, bai tambayi nawa ake sha a dare ba, bai tambayi ko yaron na da wani ciwo ba. A lokacin ni ma ban san ana tambaya ba.

Shan ƙarshe daren Lahadi ne. Litinin da safe ya fara magani. Kafin azahar yaransa na gareji suka dawo da shi gida, wai hannunsa na rawa, ya kasa riƙe sifana. Ana tsakiyar hunturu, kowa na cikin rigar sanyi, shi zufa yake yi kamar wanda ya fito daga gona. Daren nan bai runtsa ba. Talata ya wayi gari da amai, ko koko bai zauna masa ba, ya ce ƙirjinsa na duka kamar ganga. Na kira mai maganin. Ya ce alhamdulillahi, dafin ne ke fita, a ƙara murfi ɗaya. Na ɗauki maganar nan da murna na kai wa Inna a matsayin albishir, ita ma ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai.

Bayan magariba yana alwala a tsakar gida sai ya yanke jiki ya faɗi. Jiki ya sanƙare, sannan ya kama jijjiga, kumfa da jini a baki don ya ciji harshe. Mutumin da tun haihuwa bai taɓa farfaɗiya ba. Kamar minti biyu ta sake shi, ya farfaɗo yana kallonmu bai san abin da ya faru ba. Gwaggo ta ce iska ce, aka kira malam ya yi masa ruƙiyya. Ba na ganin laifin malam, addu'a muka nema addu'a ya yi. Laifin wanda nake gani shi ne wanda na sake kira, na gaya masa yaro ya faɗi yana jijjiga, ya ce mini shaiɗanin giya ne ke barin jikinsa, kada mu kuskura mu kai shi asibiti su yi masa allurar da za ta karya magani. Kuma na bi maganarsa.

Daren Laraba ne abin ya kai maƙura. Jikinsa ya ɗau zafi rau, ya fara kakkaɓe riga yana cewa cinnaku sun rufe shi. Ya nuna bango ya ce ga ƙadangaru suna saukowa, ga wasu mutane a bakin ƙofa sun zo kama shi. Inna ta riƙe masa hannu, ya fizge ya ce, "Wace ce ke?" Mu uku muka danne shi don ya nufi katanga zai haura. Na kira mai maganin sau bakwai. Mutumin da ke ɗagawa a bugu ɗaya, wayarsa ta yi ta ƙara har ta gaji.

Wata maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ita ta jiyo ihu ta shigo. Ta dube shi, ta kama wuyan hannunsa, sai ta ja ni zaure ta ce, "Ɗana, kada ka ɓoye mini, yaushe rabonsa da sha?" Na ce Lahadi. Ta ƙirga a yatsa ta ce a nemo mota yanzu, ba da safe ba.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, bai yi mana wa'azi ba, bai kuma ɗaga murya yadda na gadon kusa zai ji ba, abin da na fi tsoro ke nan tun a hanya. Na nuna masa gorar. Ya juya ta, ba jerin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, ya ce ba zai iya cewa ga abin da ta ƙunsa ba, amma abin da yake gani a jikin yaron yankewar giya ce kwatsam. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa allurar bitamin B1, wadda ya ce masu sha kullum sukan rasa shi kuma rashinsa na iya lalata ƙwaƙwalwa, sannan aka fara ba shi diazepam, ƙwaya mai kwantar da ƙwaƙwalwa, ana auna shi bayan 'yan awoyi.

Da gari ya waye ya zaunar da ni. Ya ce giya danne ƙwaƙwalwa take yi. In ana danne ta kowane dare tsawon lokaci, sai ita ma ta ƙara ƙaimi don ta iya aikinta, kamar ingarman da aka ja wa linzami yana ta turjiya. Ranar da linzamin ya tsinke farat ɗaya, sai dai wanda ya gani. Sai ya lissafo mini lokuta kamar yana gidanmu aka yi komai. Rawar hannu, zufa, tashin zuciya da rashin barci sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe. Jijjiga in za ta zo, yawanci cikin awa 48 na farko take zuwa. Ruɗewar nan mai gane-gane da zazzaɓi kuwa takan bayyana daga awa 48 zuwa 72, wani lokaci har ta haura, kuma ita ce mai kisa in ba a yi magani ba. Ya ce ba kowa ke kaiwa can ba, da yawa abin yakan tsaya musu a rawar jiki da rashin barci na 'yan kwanaki ya wuce. Amma wanda ya daɗe yana sha da yawa, ko ya taɓa jijjiga, ko hantarsa ta taɓu, ko yana haɗawa da ƙwayar barci, bai kamata ya yanke shi kaɗai a ɗaki ba. Da mun zo tun ranar Lahadi, da an auna shi an ga ko gado za a ba shi ko kuwa magani na 'yan kwanaki ana ragewa a hankali, wani na kula da shi a gida. Ya kuma ja mini kunne kada in ji sunan ƙwayar in je kemis in saya wa wani, don ita ma tana kama jiki, kuma haɗa ta da giya na iya tsayar da numfashi.

Akwai wata magana da ta fito sai a rana ta uku, da hankalinsa ya dawo. Likita ya tambaye shi ko ya taɓa gwada dainawa. Ya ce azumi biyu da suka wuce, duk ranar farko yakan yanke, kafin kwana biyu jiki ya kama rawa, sai ya koma a ɓoye. Likita ya ce yawan yankewa da komawa na sa ta gaba ta fi ta baya tsanani. Tambaya ɗaya ke nan, da mai maganin ya yi ta, da ko shi ya san wannan ba yaron da za a ce wa "ko ɗigo" ta waya ba ne.

Kwana 5 muka yi a asibiti. Kuɗin da muka kashe ya ninka na gorar ban san sau nawa ba, sai da na sayar da buhunan masarar da na ajiye. Yanzu yana zuwa ganin likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, an kuma ce mana akwai na Barnawa a Kaduna in buƙata ta taso. Wata huɗu ke nan bai sha ba, ya koma gareji, har ya yi ƙiba.

Da na ɗauki waya zan rubuta wannan, niyyata in yi sassauci. In ce to, ko ba komai gorar ce ta zama sila, kuma wataƙila ganyen kansa bai cutar ba, sai dai a gyara bayani. Amma da na zo daidai daren Laraba, na tuna fuskar Inna lokacin da ɗanta ya tambaye ta wace ce ita, sai na ji ba zan iya ba. Wanda aka gaya wa mutum ya faɗi yana kumfa ya ce kada a je asibiti, ba gyaran bayani yake buƙata ba. Kuma ba gorarsa ce ta raba ƙanena da giya ba. Yaron ne ya gaji da kansa, Allah ya kawo maƙwabciyar nan, likitoci suka riƙe shi har guguwar ta wuce. Ga baiwar Allahn da ta aiko ta bakin maiɗakina, wadda na ji har tana shirin zuba wa mijinta a kunu ba da saninsa ba, ta kuma ɓoye makullin mashin don kada ya fita: don girman Allah kada ki yi. Ki lallashe shi ku je a auna shi kafin ya yanke, in kuma ya riga ya yanke kika ga jijjiga ko sambatu, asibiti a daren.

Makon jiya mai maganin ya turo saƙo, karo na farko tun daren nan. Ya ce ya ji labari yaro ya shiryu, in taimaka in yi masa ɗan saƙon murya na shaida don ya tura wa masu saye. Ban amsa ba. Sauran gorar, wajen rabi, na tuttular a kwata.