Comp-lzo bayan sabunta OpenVPN: ka bar shi a kashe

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi tambaya ko ka sake kunna comp-lzo, wato saitin matse bayanai, bayan ka sabunta OpenVPN, manhajar da ke haɗa na'urori ta kulallen layi a intanet. Tsakanin dawo da matse bayanai da barinsa yadda OpenVPN 2.6 ya zo da shi, ni dai a kashe na bari, kuma ban yi nadama ba.

Akwai 'yar sabar da ta haɗa shagonmu na Kano da reshen Kaduna, ni nake kula da ita. Ranar da na goge comp-lzo daga fayil ɗin ɓangarorin biyu, gabana na ta faɗuwa, ina jiran yaran shago su kira su ce data ta fara zuƙewa. Shiru kake ji. Da na zauna na duba, ashe kusan duk abin da ke wucewa ta layin HTTPS ne, wato shafukan intanet da ke zuwa a kulle da lambar sirri, sai hotunan kaya da bidiyo. Abin da aka riga aka kulle ba ya matsuwa, hoto da bidiyo kuwa a matse suke zuwa. Shekaru muna ɗauke da haɗari a banza.

Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. In aka matse saƙo kafin a kulle shi, tsawonsa kan tona abin da ke ciki. Mai kutse sai ya riƙa cusa haruffansa kusa da sirrinka, duk lokacin da saƙon ya gajarta ya san ya dace, har ya tsinto kukin shigarka (ɗan bayanin da shafi ke gane ka da shi bayan ka shiga) harafi bayan harafi. Haka Thai Duong da Juliano Rizzo suka nuna da harin da ake kira CRIME a 2012. OpenSSL, manhajar kulle bayanai, ya kashe matsewa tun daga 1.1.0 a 2016, TLS 1.3, tsarin kullewar da HTTPS ke amfani da shi, ya cire ta ɗungurungum, a 2018 kuma harin VORACLE ya nuna OpenVPN ma bai tsira ba.

Kunnawa? Sai dai in kana da wata tsohuwar na'ura a ɗaya gefen da ba ta san komai ba sai comp-lzo. Nan ma saitin allow-compression asym, wanda ke karɓar matsattsen saƙo amma ba ya matse naka, ya ishe ka, kafin ka sami kuɗin canza ta. Ka dai tabbata saitin gefe biyun ya zo ɗaya, in ba haka ba za ka ga an haɗu amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba.

Sannan don Allah ka kiyayi masu tallar fayil ɗin .ovpn, wato fayil ɗin saitin OpenVPN, a Telegram da WhatsApp, masu cewa nasu yana "rage cin data". Buɗe shi da Notepad ka karanta layin remote, inda adireshin sabar yake. Duk abin da za ka yi a intanet ta wannan sabar zai bi, kuma ba ka san mai ita ba.