Makaho mai rubuta manhaja: da wane kayan aiki za ka gina menu?

Kafin ka zuba data da lokacinka wajen koyon wani kayan gina manhaja, yi wannan gwajin da bai kai minti biyu ba. Buɗe manhajar da aka gina da shi, ka danna Alt, ka kasa kunne. Idan NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta, ta faɗi sunan menu na farko, ka sauka da kibiya ta karanto kowane layi da gajeriyar hanyarsa, ta kuma gaya maka wanda ke da ƙaramin menu a cikinsa, to ana iya zama a yi ciniki. In ka ji shiru, yi gaba.

Dalilin shirun ba boyayye ba ne. Manhajar karanta allo ba kallon allon take yi ba, tambayar Windows take yi ta hanyar MSAA ko UI Automation: mene ne wannan, yaya sunansa, a kunne yake ko a kashe? Wasu kayan aikin suna aro menu na Windows kansa, amsa tana nan a shirye. Wasu kuwa zana nasu suke yi, sai in masu su sun ɗauki ɗawainiyar bayar da amsar.

Ni dai wxPython, kayan gina manhaja da yaren Python, nake fara nuna wa mai tambaya. Ya samo asali daga wxWidgets, wanda Julian Smart ya faro a 1992 a Jami'ar Edinburgh, kuma tun farko a kan aro kayan da tsarin kwamfuta ya zo da su aka gina shi. Hujja mafi ƙarfi tana cikin kunnenka: menu da akwatunan saitin NVDA, wadda Michael Curran ya fara a 2006 a Ostareliya, da wxPython aka yi su. Kyauta ne, kuma komai da rubutu ake yi, babu jan wani abu da linzami. Ka ƙirƙiri wx.MenuBar, ka ƙirƙiri wx.Menu, ka ƙara layi mai suna "&Fita\tCtrl+Q". Alamar & ta mayar da F harafin da za a danna a cikin menu, abin da ya biyo bayan \t kuma shi ne gajeriyar hanya, za ta yi aiki, za a kuma karanta ta. AppendCheckItem yana ba ka layin da ake kunnawa a kashe, NVDA ta faɗi halin da yake ciki ba tare da ka ƙara komai ba. Masu ido kan ce fuskarsa ta tsufa, kuma da gaskiyarsu. Wata matsalar kuma, a akwatin rubutu sai ka ƙirƙiri lakabin kafin akwatin, in ba haka ba za ka ji ana kiran akwati da sunan maƙwabcinsa.

Tkinter shi ne ke yaudarar mutane, don tare da Python yake zuwa, kuma kusan kowane darasin 'yan koyo da shi ake farawa. A Windows menu ɗinsa na Windows ne, don haka zai ci gwajin Alt lafiya lau. Kana fita daga menu ka shiga cikin tagar, a Tk 8.6, maɓallai da akwatunan rubutu sun zama bebaye. Kamar gida ne mai kyakkyawan zaure, ciki kuwa kango. Saboda shi ne ya kamata bayan Alt ka danna Tab sau da yawa ka ji abin da ke ciki.

Qt zana nasa yake yi, amma yana amsa tambaya, kuma tun daga 5.11 UI Automation yake amfani da shi a Windows. QMenuBar da QAction suna magana yadda ya kamata, sai dai a tebura da jerin abubuwa masu sarƙaƙiya ka gwada da kanka kafin ka amince. Duba lasisi tun da wuri: cikin hanyoyi biyu na amfani da Qt a Python, PyQt ko dai GPL (lasisin da ke sa ka buɗe lambar manhajarka ga waɗanda ka raba wa) ko ka biya, PySide kuwa LGPL ne, ya fi sauƙi ga mai niyyar sayar da manhajarsa. Qt Designer aikin linzami ne, bar shi ka rubuta da hannu.

Idan aiki a kamfani kake hange, yaren C# da Visual Studio, manhajar rubuta shi, sun cancanci wahalarsu. Bugun Community kyauta ne ga mutum ɗaya, amma saukar da shi gigabait da yawa ne, ka lissafa kuɗin data da ƙarfin kwamfutarka. A Windows Forms, ɗaya daga cikin kayan gina taga da C#, ka kama MenuStrip, don an cire tsohon MainMenu a .NET Core 3.1, alhali tsofaffin darussa na nan cike da shi. WPF, wani kayan na C#, ya fi dacewa da makaho a ganina, tunda XAML da ake tsara tagarsa da shi rubutu ne zalla. Can ƙaramin layi na ƙasa (_) ake sawa kafin harafi a maimakon &. Akwai tarko guda: InputGestureText rubuta "Ctrl+S" kawai yake yi a gefen layin, NVDA ta karanta maka, ka danna, babu abin da ya faru. Sai ka ɗaura maɓallin daban da KeyBinding ko wani umarni.

Electron, wanda ake gina manhaja da shi kamar shafin yanar gizo, yana da hujjarsa, tunda da shi aka gina VS Code, wanda makafi da yawa ke rubutu a ciki kullum. Menu.buildFromTemplate yana da sauƙi. Amma kowace manhaja tana ɗauke da burauzar Chromium sukutum, ga nauyi ga cin batir, abin da mai jiran a kawo wuta ba zai raina ba. In kuwa a cikin shafin za ka zana menu da role="menu", tafiyar kibiya da Escape da mayar da mutum inda ya fito duk a wuyanka suke. Java Swing kuma ba ya magana da manhajar karanta allo sai ta wata gada mai suna Java Access Bridge, wanda shi kaɗai ya isa ya sa na ajiye shi.

Ko wanne ka ɗauka, kada layi biyu a menu ɗaya su raba harafi guda. Idan da Hausa ka rubuta sunayen, kada ka ɗora & a kan ƙ ko ɗ ko ɓ, don yawancin kibod ba su da su; a "Buɗe" B za ka zaɓa. Ka gwada da NVDA da Narrator, mai karanta allo da ke zuwa da Windows, duk ba sisi. JAWS, wani mai karanta allon, na kuɗi ne, amma yana yin minti 40 kafin ya nemi a sake kunna kwamfuta, kuma wannan ya ishe ka zagaye menu kaf. Kafin ka fitar da aikin, ka sami mai ido ya duba maka allon, ka buɗe masa Speech Viewer na NVDA don ya riƙa karanta abin da kake ji yana kwatantawa da abin da yake gani.