Ɗan jagoran da ya zaga da mu cikin birnin Kano, ga yadda na ga aikinsa

Jama'a bari in ba ku labarin yawon da muka yi ranar Asabar ɗin da ta wuce, saboda mutane biyu sun riga sun tambaye ni ko ya cancanci a biya mutum kuɗi kawai don ya raka ka cikin gari. Amsa ta a taƙaice ita ce e, ya cancanta, in dai ka samu wanda ya san abin da yake faɗa. Namu na ba shi 4 cikin 5, zan kuma faɗi inda ɗayan ya tafi.

Ɗan baffana ne ya zo daga Kumasi da matarsa, a zango aka haife shi, tun yana yaro yake jin kakanmu na cewa mu 'yan Kano ne mu 'yan Kano ne, amma bai taɓa taka garin ba sai bana. Ya ce min Yaya ni fa ba shaguna na zo gani ba, so nake in ga inda kaka yake ba mu labari. To ni shekarata 12 a Kano amma a waje nake zaune, cikin gari sai dai in ratsa in wuce, shi ya sa wani abokin aikina ya haɗa ni da wani matashi ɗan cikin badala wanda tarihi ya karanta kuma wannan rakiyar ita ce sana'arsa a ƙarshen mako. Muka yi ciniki ta waya, kuɗinsa daban, kuɗin adaidaita da na shiga wurare a kanmu. Wannan ku tabbatar kun yi shi tun farko, a san me ke cikin kuɗin me ba ya ciki.

Mun yi da shi ƙarfe 8 na safe, bai iso ba sai wajen tara saura, ya dai ba da haƙuri. Ni niyyata mu fara hawa Dala tun rana ba ta yi ba, shi kuma ya ce a'a Alhaji, Gidan Makama za mu fara, in ba ku ga wannan ba duk abin da za ku gani daga baya ƙasa ce kawai da duwatsu. Na ɗan ja da shi amma daga baya na gane gaskiyarsa.

Gidan Makama yana nan daura da fadar sarki, kuma wallahi ko ba a ajiye komai a ciki ba ginin kansa ya isa kallo. Tun ƙarni na 15 aka gina shi, a nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin a gama masa gidan da har yau ake kira Gidan Rumfa, shi ne ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Muna shiga zaure yaron nan ya tsayar da mu ya ce kowa ya ɗaga kai tukun. Ya nuna mana yadda aka jera azara, yadda bakan gizo yake tasowa daga bango ya haɗu a tsakiya ya riƙe rufin ba ƙarfe ba siminti, ya ce mu taɓa bangon mu ji sanyi alhali waje har an fara zufa. Matar ɗan'uwana ta ce ita da ta ɗauka ginin ƙasa na talaka ne. Ya ce mata Hajiya ai sarakuna ne suka fi kowa sanin daɗinsa, kauri ne da shi, da rana sanyi da dare ɗumi.

A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, manya manya, akwai kayan yaƙi irin su sulke da garkuwa da takubba, akwai kayan kiɗan sarauta, da hotunan sarakuna da na zamanin Turawa, sannan ga ɗakin amarya an jera shi irin na da, wanda nan ne matan suka daɗe har sai da muka kira su. Amma inda na san kuɗina bai tafi a banza ba shi ne gaban ƙyamaren nan. Da ni kaɗai ne da na kalla na ɗauki hoto na wuce. Shi kuwa sai ya tsaya ya ba mu labarin 1903, yadda sojojin Ingila suka zo a watan Fabrairu suka shigo ta wajen Kabuga, Sarki Alu ba ya gari ya tafi Sakkwato, yadda Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, yadda aka kama Alu daga baya aka kai shi Lakwaja inda ya rasu, aka naɗa Abbas. Har ya gaya mana cewa wannan gidan da muke tsaye a ciki Turawan sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci garin. Ɗan'uwana ya yi shiru ya daɗe yana kallon ƙyauren, can ya ce kaka ya sha faɗar sunan Alu amma bai taɓa sanin ƙarshen labarin ba sai yau.

Abin da na ƙara so game da shi, ba ya gasa da ma'aikatan wurin. Da ma'aikacin gidan ya fara bayani sai ya ja baya ya yi shiru, in an gama ya ƙara nasa. Kuma da yarana suka fara gajiya sai ya mayar da abin tambaya da amsa, wa ya kawo kakaki Kano, wa ya kafa kasuwar Kurmi, duk amsar Rumfa ce, har ƙaramin ya gane yana ta ihu Rumfa Rumfa kafin a gama tambayar.

Daga nan muka leƙa ƙofar fada daga waje, muka wuce ta babban masallacin Juma'a na cikin gari wanda ginin yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, ba mu tsaya sosai ba.

Sai marinar Ƙofar Mata. Kai, nan wurin fa. An ce tun 1498 ake rini a nan, kuma har yau da baba da toka da ruwa ake haɗa shi a cikin ramin, a bar shi kwanaki ya jiƙu. Ɗan jagoranmu ya durƙusa ya gaida wani dattijo, sannu da aiki Baba, baƙi na kawo maka daga Gana, dattijon ya ce maraba da mutanen Gwanja, sai ga ɗan'uwana yana dariya saboda haka kaka yake kiran can ɗin. Baba ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, muka ga ya fito kore kore, yana riƙe da shi a iska sai ga shi yana juyewa shuɗi a gaban idonmu. Ya ce ba ruwan kaɗai ke rini ba, iska ce ke kama shi, shi ya sa ake tsomawa a ɗago a tsoma a ɗago, in ana so ya yi duhu sosai sai a wuni ana yi. Hannunsa har gwiwar hannu shuɗi ne. A gefe kuma ga masu bugu suna ta dukan yadi da manyan itatuwa har ya yi sheƙi, sautin kamar kiɗa. Abin da ya taɓa min zuciya shi ne ramukan da ba a aiki a cikinsu sun fi waɗanda ake aiki yawa, kuma yawancin masu rinin manya ne. Don Allah in kun je kar ku tsaya ɗaukar hoto kawai, ku sayi ko da ƙyalle ɗaya ne, ku kuma nemi izini kafin ku ɗauki mutum. Mu mun sayi zannuwa uku masu ɗauri, matan unguwa ne ke ɗaure zanen a gida kafin a kawo rini.

To ga inda ya rasa tauraro ɗaya. A kasuwar Kurmi. Kasuwar nan lungu ne cikin lungu, ga kayan fata, ga sirdi da linzami da kayan adon doki, ga ƙwarya da faifai da tabarmi da turare, wurin da ya kamata a bar mutum ya yi ta yawo a hankali. Shi kuwa sai ya ja mu kai tsaye rumfar wani da ya ce abokinsa ne, ya ce nan za a yi mana sauƙi. Muka sayi jakar fata da takalma, muna fitowa ta wani layin matata ta taya irin jakar sak, aka sallama mata ƙasa da abin da muka biya sosai. Na gaya masa a gaban idonsa cewa ban ji daɗi ba, bai yi musu ba, ya ce a yi haƙuri. Ban ce da gangan ya yi ba amma ku dai ku zaga ku taya wuri biyu uku kafin ku ciro kuɗi, ko wa ya raka ku. Ya ɗan wanke kansa da gurasa, ya kai mu wajen Jakara muka ci bandashe mai ƙuli da man gyaɗa da albasa, baƙin nan har suka sa aka ƙulla musu wata.

Dala muka bari sai bayan la'asar, kuma haka ya fi, da tsakar rana ba za ku iya da yara ba. Akwai matakala amma ku sa takalmi mai kama ƙasa ku riƙe ruwa. Daga sama garin gaba ɗaya yana shimfiɗe, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin masallaci, ya riƙa nuna mana da yatsa ina ne Madabo inda Wangarawa suka sauka zamanin Sarki Yaji, ina ne Sharifai, ta ina ganuwa ta bi. Ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda, kuma na yaba da yadda yake rarrabewa, in abin labarin baka ne sai ya ce haka magabata suka faɗa, in rubutacce ne ya ce wannan an rubuta. Ba kowane mai rakiya ke yin haka ba.

Da muna saukowa ya tsayar da mai adaidaita a gefen wani guntun badala da ya rage. Ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, yanzu kuwa ruwan sama na ci, masu ɗibar ƙasa na ci, masu gini na ci. A nan muryarsa ta canza, ya ce yana yaro a kanta suke wasa, wurin da suke hawa yanzu shaguna ne. Ni ma raina ya ɓaci gaskiya, na kai shekara goma ina wuce wurin nan a mota ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya fara makarantar boko a 1909, ba mu samu shiga ba saboda lattin safe da daɗewar da muka yi a marina. Ya ce laifinsa ne, zai kai mu ranar Talata ba sai mun ƙara ko sisi ba, ɗan'uwana ma har ya ɗaga tafiyarsa da kwana biyu saboda haka.